Takaba a Ɗakin Hindawiyya

Shekara shida na yi da aure a Makka, kuma waɗanda suka san da auren ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Malamin da ya ɗaura ya koma Katsina tun a shekara ta biyu. Shaidun nan biyu, ɗaya an kama shi a hanyar Arfa aka mayar da shi Nijar, ɗayan kuwa ban sake jin ɗuriyarsa ba. Saura ni da mijin.

Umara ta kawo ni daga Kano bayan mutuwar aurena na fari, na ƙi komawa. Ba ni da igama, wato takardar zama, saboda haka na kama abin da irinmu ke kamawa: zuba gahawa a gidajen biki da na makoki. Wata dattijuwa 'yar Damagaram ce uwar ɗakinmu, ita ake kira, ita ke rarraba mu. Aikin ba wuya. Buta a hagu, 'yan kofuna a dama, baki a rufe. Na ukun ne ya fi ba ni wahala, don Allah bai halicce ni mai shiru ba.

Shi kuwa haifaffen Makka ne, kakansa ne ya zo a ƙafa daga ƙasar Kano. Ɗan ƙasa ne cikakke, yana zaune a unguwar Rusaifa da mahaifiyarsa da yayarsa. Ya taɓa aure suka rabu, babu ɗa. Aikin ofis yake yi, irin aikin da mai shi ba ya auren baƙuwa sai da izini, izinin kuma ba a ba wa mai mata irina. In aka ji, kujerarsa ce za ta tafi. Bai ɓoye mini ba tun ranar farko, ni ma ban ce an yaudare ni ba. Na so shi, na yarda.

Ba ni kaɗai ba ce. A cikin masu zuba gahawa da masu wanki na san mata irina, kowa ta san kowa, ba mai buɗe baki. Ni dai nawa ko su ban bari sun sani ba. Abin da na lura shi ne, iya girman kujerar miji, iya tsananin ɓoyon. Wadda ke auren direban tasi har gaban mota take zama ya kai ta kasuwa. Wadda ke auren malamin makaranta sai dai ya sauke ta a bayan layi. Ni da nawa ke da ofis da sakatare, ko hotonsa ban taɓa mallaka ba. A wayata “mai kawo gas” na rubuta masa, shi kuma a tasa ni ce “wajen wanki”. Babbar dokar ita ce ba na kiransa. Shi ke kira.

Ran Talata da ran Alhamis yake zuwa, bayan ya tashi daga aiki. Sai ya ajiye motarsa nesa, ya cire ƙyallen kansa ya bar shi a kujera, ya tako cikin lungunan Hindawiyya kamar wanda ya zo neman mai gyaran famfo. In ya shigo ɗakina sai ya zama wani mutum dabam. Ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa, ya ci tuwo da miyar kuka yana zufa, yana yi mini Hausarsa mai karyayyen baya ina dariya. Kafin magariba ya tafi, don mahaifiyarsa ba ta cin abinci sai ta gan shi.

Sau ɗaya muka yi faɗa na gaske. Na shiga wani kanti a Rusaifa na tarar da shi tare da abokin aikinsa. Ya dube ni kamar yadda ake duban bango, ya ci gaba da maganarsa. Ran Alhamis da ya zo ban dafa komai ba. Na ce masa ko karen gida in ya ga mai shi a titi yana kaɗa jela.

“Wallahi ya bintil halal, zuciyata ce ta tsaya,” in ji shi. “Isbiri, yi haƙuri kaɗan. In na yi taga'ud, halas, da hannuna zan kai ki gaban Ummi.”

Ritaya yake nufi. Shekara uku suka rage masa a lokacin. Na ce Allah ya kai mu, na tashi na ɗora tukunya, don fushina bai taɓa wuce ganin mutum da yunwa ba.

Wata Talata bai zo ba. Na ce aiki ne. Laraba na ɗauki wayar na ajiye ya fi sau goma. Alhamis na yi dambu, na zauna ina sauraron takun masu wucewa har dambun ya huce. Raina ya ɓaci, na shirya maganganun da zan yaɓa masa, amma ban kira ba. Ina alfahari da hakan ma, ina cewa a raina ai ya ga mace mai riƙe amana.

Ran Juma'a da hantsi uwar ɗakinmu ta kira.

“Akwai aza, zaman makoki, a Rusaifa, kwana uku, bayan la'asar za a fara. Namu ne, Hausawa. Ɗansu ne ya rasu, ciwon zuciya, kwana uku yana kwance a mustashfa, asibiti. Jiya da la'asar aka sallace shi a Harami.”

Ta faɗi sunan gidan. Na ce ta sake faɗa. Ta sake, ta ƙara da cewa in zo da wuri don kofunan suna da yawa. Na ce to. Jiya da la'asar ina zaune ina gadin dambu.

Na san mace mai takaba gidanta ya kamata ta zauna. Na kuma san in ban je a mai zuba gahawa ba, babu wata ƙofa da zan shiga gidan nan ta ita. Na cire 'yan kunnena, na wanke kwallin idona, na tafi.

A Makka matan gidan mamaci farare suke sawa. Suna zaune a jere a kujerun gaba, masu zuwa gaisuwa cikin baƙar abaya suna bin su ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyarsa ce a farko, 'yar tsohuwa ƙarama, goshinsa ne sak a fuskarta. Sai yayarsa, sai gwaggwanni, har da wata matar ɗan kawunsa da aka ce ko maganar kirki ba sa yi da mamacin. Ita ma da farinta, ita ma ana rungume ta ana cewa Allah ya girmama ladanta. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da buta. Na ji haushin matar nan fiye da yadda zan iya faɗa, alhali ba ta yi mini komai ba.

Kwana uku ina zagaya ɗakin. Na miƙa dabino, na zuba gahawa, na taya raba shinkafa da wake irin wadda suke dafawa a makoki. A nan na ji labarin mijina daga bakin mutane. Na ji yadda ya faɗi a ofis ran Litinin. Na ji yayarsa tana gaya wa wata cewa a asibiti ya yi ta neman wayarsa, likita ya hana, ita kuma ta kashe ta ta jefa a jaka don kada 'yan ofis su dame shi.

“Har a gadon ciwo shugul, aikinsa yake tunani, miskin,” in ji ta.

Hawaye suka rufe mini ido, gahawar ta zubo mini a yatsu. Uwar ɗakinmu ta harare ni, ta ja ni kicin ta ce wannan kuka ya yi yawa, mu aiki muka zo, in masu gida suka ga haka sai su ce neman suna nake. Na wanke fuska na koma.

A rana ta uku, da mutane suka ragu, tsohuwar ta yafito ni. Ta riƙe wuyan hannuna. Hausarta irin ta mutanen da ce, ba gauraye sosai.

“'Yata, daga wane gari?”

“Kano, Hajiya.”

“Na ga idonki tun shekaranjiya. Allah ya ba ki lada, kina kuka da kukan mutanen da ba ki sani ba.” Ta gyara farin mayafinta. “Abin da ke cin raina, ya tafi ba mata. Na yi, na yi, ya ce ba yanzu ba. Namiji kamar wannan a ce babu macen da za ta yi masa takaba.”

Maganar ta zo mini har baki. Na dubi yayarsa da ke gefe tana kallonmu, na ga abin da za ta gani: baƙuwa mai zuba gahawa, ba takarda, ba shaida, ta zo ran uku da zancen aure. Wata za ta ce gado nake nema, wata ta ɗaga waya, 'yan ofis ɗinsu da ke cike da rumfar maza su tafi da labari. Shi kuma ba ya nan balle ya ce haka ne.

“Allah ya jiƙansa, Hajiya,” na ce.

“Amin, 'yata. Zubo mini kaɗan.”

Na zuba mata.

Wata huɗu da kwana goma na yi a ɗakina. Na ce wa uwar ɗakinmu ƙafa ke damuna, ta gaji da kira ta sa wata a gurbina. Na koma yi wa maƙwabta guga, ana kawowa ana karɓa a bakin ƙofa. Na sayi farin yadi na ɗinka doguwar riga, ina sawa in na kulle, ina ɗora baƙa a kai in an ƙwanƙwasa. Kaɗaici na sha shi a Makka tun zuwana, amma ban san iyakarsa ba sai a watannin nan, don babu wanda ya taɓa ce mini ya haƙuri.

Ranar da na fita, na yi wanka, na sa kwalli, na soya waina cike da faranti uku kamar yadda ake sadakar fita takaba a gida. Na bi ɗakunan gidanmu ina miƙawa. Maƙwabciyata 'yar Sakkwato ta karɓa, ta ɗauki ɗaya ta kai baki tun a tsaye, ta dube ni sama da ƙasa tana murmushi.

“Yau kuma kwalliya? Ko dai miji kika samu ba mu sani ba?”

Na ce mata ƙafar ce ta warke.