Likkafanin Papa Tutai

A ƙauyenmu na Areora, a tsibirin Atiu, babu macen da za ta sa almakashi a yadin tivaevae Mama Upokoina ba ta gani ba. Tivaevae shi ne babban zanen gadon nan mai furanni da muke ɗinkawa da hannu, wata da watanni. Mama ce mai yanka. Sai ta ninka yadi gida huɗu, ta bi shi da almakashi ba zane ba awo, in ta warware ka ga furanni sun baje ko'ina.

Duk ranar Alhamis mukan taru a barandarta mu takwas. Ba ta faɗa. In ɗinkinki ya karkace, shiru za ta yi har ki gama, sannan ta farke shi a gabanki tana tambayar lafiyar yara.

A wajenmu mace ce ke ɗinka tivaevae ɗin da za a naɗe mijinta a ciki ranar da ya cika. Shekarar da mijinta Papa Tutai, masunci, ya kai sittin da takwas, ciwo ya kwantar da shi har ya daina cin abinci. Mama ta tara mu, muka duƙufa mako shida, tana ɗinki tana share hawaye. Ranar da muka yanke zaren ƙarshe, Papa ya tashi zaune ya ce a kawo masa gwaza da ɗanyen kifi cikin ruwan kwakwa.

Bayan kwana biyu yana laluben tabarsa a adaka ya ci karo da abin.

"Upoko, wannan na wane ne?"

"Naka ne, tsoho."

"Nawa? Ruwan hoda? Shekara hamsin ina kokawa da teku, a binne ni cikin furanni kamar amarya? Abokaina su mutu da dariya!"

"Ai ba ji za ka yi ba."

"Zan ji. Kifi nake so, da kwalekwale."

Mama ta kai mai furannin bikin 'yar ƙanwarta, ta sayo shuɗin yadi ta yanka kifaye. Wannan karon ba hawaye. Shi kuwa yana zaune a gefenmu yana duba aiki, wai jelar wancan kifin ta yi kama da ta akuya.

Da aka gama sai ya ce ba ya karɓar kaya bai gwada ba. Wata Asabar da rana, Mama ta tafi gonar gwaza, ya ɗauko shi ya miƙe a baranda, ya lulluɓe har kansa, ya haɗa hannuwa a ƙirji. Iska mai daɗi na kaɗawa, barci ya kwashe shi.

Maƙwabciyarsu Mama Tepaeru ta zo aron gishiri. Tana gani ta kurma ihu ta fita da gudu. Kafin rabin awa an buga ƙararrawar coci, ƙanen Papa ya yanka alade, an hura wuta a ramin gasa nama. Muka cika tsakar gida muna waƙar makoki, kowa na tsoron taɓa gawa matarsa ba ta iso ba.

Mama ta shigo da taɓo har gwiwa. Ta dubi ƙafafun da suka leƙo, ta ga babban yatsa yana korar ƙuda. Ta ciro allura daga wuyan rigarta ta tsikare shi a tafin ƙafa.

Papa ya zabura da ashar. Fasto ya yar da littafinsa, Mama Tepaeru ta faɗa cikin kwandon kwakwa.

"Me ya faru? Wa ya mutu?" in ji Papa.

"Kai."

Ya dubi taron, ya shaƙi ƙamshin nama, sannan ya dubi ƙafafunsa. "Ya yi gajarta, Upoko."

"Zan lanƙwasa maka gwiwa."

Tunda alade ya riga ya gasu, aka zauna aka ci. Papa ya ci kwano biyu, yana bin mutane ɗaya ɗaya yana tambayar wa ya fi kuka. Da ya ji surukinsa bai ko zo ba, ya daina gaishe shi wata uku.

Yanzu yana da shekara casa'in da ɗaya. Idon Mama ya yi rauni, shi ke zura mata zare a allura ranar Alhamis. Mun ce maza ba sa zama cikinmu, ta ce mu ƙyale shi, ai ya fi rabinmu iya riƙe baki. Ƙarya ce. Duk abin da muka faɗa, kafin yamma ya isa bakin teku.