Bisimilla a Kan Katin Asabar

Shekarar da na ajiye alli na yi ritaya na gano cewa ashe ƙararrawar makaranta ce take tafiyar da yinina tun ina saurayi. Da babu ita, sai na wayi gari a gidana na unguwar Takur a Dutse da yini guda cur a hannu, ban san ta ina ake kama shi ba. 'Ya'yana suka sa mini tunatarwa a waya. Ta yi aikinta sau ɗaya, ina sahu na biyu, liman yana tsakiyar Fatiha, kuma abin da take tuna mini shi ne sayen dusar awaki. A ranar na sauke ta daga wannan muƙami.

Akwai kuma magana guda da ke rataye a wuyana. Yayata, wadda ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana zaune a Miga. Matar ɗanta na da tsohon ciki, kuma tun cikin yana ƙarami Yaya ta ce in namiji ne sunana za a sa masa. Ni kuwa tun da na bar aiki nake aika mata cewa ina nan tafe. Ina da dalilai masu kyau, akwai ruwan sama, akwai gwiwa, akwai taron tsofaffin malamai. Rannan sai ga direban motar kasuwa a ƙofar gidana da saƙo.

"Ta ce a gaya wa Auta, in bai tako ƙafarsa ba kafin a haihu, sunan ya koma kan limamin unguwa. Ta ce shi ko ba a kira shi ba yana zuwa."

Mutum da furfurarsa, tsohon hedimasta, a kira shi Auta a gaban maƙwabta. Na yi murmushi irin na manya, amma maganar ta shige ni. Jikokina duk mata ne, kuma cikin ɗimbin yaran da na koyar babu wanda na ji ya yi mini takwara. Ina son yaron nan tun kafin a san ko yaro ne.

Sai na yi abin da ɗan boko ke yi idan aiki ya tsaya masa a gaba. Na zauna tsara yadda za a riƙa yin ayyuka.

Na yanke shawarar buga katuna masu ɗan kauri, girman tafin hannu, ɗaya ga kowace rana, a ɗaure su da robar ɗaure kuɗi a sa a aljihun gaba. Ban raba katin da awoyi ba, don a Dutse ban taɓa jin wanda ya ce mu haɗu ƙarfe huɗu da kwata ya kuma zo ba. Na raba shi yadda muke magana: bayan Asuba, hantsi, bayan Azahar, bayan La'asar, tsakanin Magariba da Isha. Abin da na fi alfahari da shi kuwa shi ne ƙarshen tsarin. Idan rana ta faɗi, sai a yage katin a jefa kwandon shara. Abin da aka yi an yi, wanda ba a yi ba ya bi katin, mutum ya kwanta ba tuhuma.

Na kai zanen wani shago kusa da kasuwa, inda ake buga katin ɗaurin aure da na walimar sauka. Mai shagon magidanci ne mai fara'a, tawada har gefen hularsa. Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa.

"Baba, bikin wa za a yi?"

"Ba biki ba ne."

"Suna ne?"

"Nawa ne, na kaina."

"To su wa za a raba wa?"

"Ni zan riƙa ba kaina, kullum guda."

Ya dube ni, ya ce Allah Ya sa albarka, da irin muryar da ake lallaɓa dattijon da ba a son gardama da shi.

Da na karɓo su na kwance a gida, sai na ga aiki ya yi kyau fiye da yadda na zana. Layuka sun miƙe, yankan ya fita tsaf. A saman kowane kati kuma, da koren rubutun Larabci mai lanƙwasa, ga Bisimilla cikakkiya. Na koma shagon ko hula ban gyara ba.

"Baba, ai ba abin da ke fita shagon nan babu ita," in ji shi. "Ko katin mai sayar da taki sai na sa masa. Kyauta ce ma."

"To yaya zan yi in yage in zubar?"

"Zubarwa? Haba Baba, wa ke buga abu don ya zubar?"

Na ce ya sa a injin yanka ya cire saman. Ya ja da baya kamar na miƙa masa garwashi, ya ce shi dai ba da hannunsa ba, kuma ko an yanke, guntayen ina za a kai su? Tambayar tana da kyau. Da ɗalibi ne da na ba shi maki.

Haka na dawo da tsarin da aka cire wa ƙofar fita. Katin ba ya shiga shara, ba a ajiye shi ƙasa, ba a sa shi aljihun da ake zama a kai. Na lura har alƙalamina ya fara jin nauyi. A ƙarƙashin sunan Allah mutum ba ya rubuta "gyaran famfo" sai in da gaske zai gyara. Don haka na riƙa rubuta abubuwan da na tabbata zan yi, kamar karatun jarida da rakiyar baƙo. Miga ban rubuta ta ba, saboda girmamawa.

Babban abin shi ne katin ba ya shiga makewayi. Duk sanda zan zaga ko zan yi wanka, sai in zaro damin in ɗora a kan tagar tsakar gida. Uwargidana kuwa 'yar gidan malamai ce, a makarantar allon mahaifinta ta tashi, ta kuma yi boko daidai gwargwado. Ta daɗe tana lura da wannan tagar.

Ranar wata Alhamis na fito daga wanka na ɗauki damin, sai na ga katin Asabar ya leƙo gaba. A layin bayan Asuba, da rubutunta mai tsayuwa kamar sojoji, an sa: Miga, gidan Yaya.

"Hajiya, wa ya taɓa mini kaya?"

"Ni ce, Malam. Na ga layin ba kowa, na ce kada ya yi kaɗaici."

"Ai Asabar ina da taro."

"To yage mana." Ta ci gaba da tankaɗe. "Ba haka tsarin yake ba?"

Na tuna mata, cikin natsuwar mai ilimi, cewa malamai sun halatta a ƙona takarda mai sunan Allah don a kare ta daga wulaƙanci.

"Haka ne," ta ce. "Ga murhu nan da wuta. Sai dai ka fara gaya wa kanka, katin kake karewa ko gwiwarka?"

Na tsaya da katin a hannu ina duban murhun. Sannan na mayar da shi aljihu na ce ta nemo mini babbar rigata mai ruwan ƙasa.

Asabar bayan Asuba na shiga mota ta Kiyawa da Jahun. Damina ta kusa ƙarewa, gero ya yi kai ya sunkuya, awaki a ɗaure a gindin bishiyoyi don kada su shiga gonaki. Na yi mamakin yadda hanyar ta gajarce, ga shi na shafe watanni ina ƙara mata tsawo daga kan kujerata. Gwiwar ma ba ta ce uffan ba.

Na tarar da Yaya a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta kare ido da tafin hannu.

"Wane ne wannan? Ku ba baƙo ruwa, ina jin ɓatan hanya ya yi."

"Yaya, ni ne."

"Auta? Ashe kana da ƙafa? Na zata gwamnati ta karɓe su tare da makullin ofis."

"An haihu?"

"Ji shi! Bai tambayi lafiyata ba. Ba a haihu ba, ka tsira da ƙyar."

Ta sa aka dama fura da nonon da Fulani suka kawo da safe, ta zauna tana kallona ina sha, tana lissafo mini duk ɓarnar da na yi ina goye a bayanta. Muka yi ta dariya har matan gidan suka leƙo. Can ta tambayi abin da ya tunkuɗo ni. Na zaro katin na ba ta labari tun daga shagon. Yaya ba ta karanta boko, amma koren rubutun nan ta gane shi nan take, ta sumbace shi ta ɗora a goshi.

"Wato duk abin da aka rubuta a ƙarƙashin nan sai ka yi?"

"Kusan haka ne, Yaya."

"Miƙo sauran."

Ta zaɓi rabin damin, ta sa na rubuta Miga a kan kowanne, a layin bayan Asuba, ba rana ba wata. Ta naɗe su a ƙyalle ta tura saman azara inda take ajiye Alƙur'aninta.

Bayan 'yan kwanaki direban nan ya sake tsayawa a ƙofata. Ya miƙo mini kati guda yana dariya. An haifi namiji. Ranar suna limamin unguwa da kansa ya raɗa masa sunana, ya kuma yi mini barka ba tare da wata alamar jin haushi ba. Da yake ba a kiran sunan babba gatsau a gidan, Yaya ta laƙaba wa yaron Mai Kati, kuma ya bi shi.

Har yau katunan suna zuwa ta hannun direba, wani lokaci don suna ko gaisuwa, wani lokaci don kawai ta yi dambu tana son a ci da ita. Waɗanda na gama da su suna cikin wani gwangwanin alewa a saman kabad, Hajiya ce ke share musu ƙura. Da na Yaya suka kusa ƙarewa, ta aiko a gaya wa Auta ya koma wurin mutumin kirkin nan ya bugo wasu, kuma kada ya kuskura ya canza shago.