Jakar da Ta Yi Wata Shida a Baranda

Ni dai ban taɓa gane ƙwallon Amurka ba, kuma ban yi alkawarin zan gane ba. Ita ƙwallon ma ba mulmulalliya ba ce, kamar gwandar da ta ƙi nuna take. Ƙarti su sa hular kwano, su cusa roba a kafaɗu, su duƙa suna hararar juna kamar raguna. A busa usur su gwabza, a sake busawa su tashi su karkaɗe jiki su koma su duƙa. Wasan ke nan. Shekara huɗu maigidana ya yi yana bugawa a nan Dubai, kuma da bakinsa ya gaya mini bai taɓa riƙe ƙwallon a cikin wasa ba ko sau ɗaya. Shi aikinsa ture mutum.

Gyaran iyakwandishan ne sana'arsa. Wata rana ya je aiki gidan wani Bature ɗan Amurka, Baturen ya ga ya saɓi inji shi kaɗai a kafaɗa ya hau bene da shi, ko haki bai yi ba. Nan take ya ce masa ranar Asabar ya zo fili. Ƙungiyar ta masu sha'awa ce kawai, kowa da aikinsa, akwai Turawa, akwai Larabawa, shi kaɗai ne ɗan Najeriya. Daga shigarsa suka ɗauki kofi shekara uku a jere. Har ta kai in an ce da su za a buga, wasu 'yan wasan ɗaya ɓangaren sai su ce suna da aiki ranar.

Suna da wata al'ada da tun farko ta tsaya mini a rai. Daga wasan farko na shekara har ranar da aka ɗauki kofi, ba mai wanke kayan wasansa. Riga, wando, safa, robar kafaɗa, soson cikin hula, duka. Wai sa'ar a cikin zufar take.

Na ce masa, "Baban biyu, kai da kake cikin mawaƙan coci, a wace aya ka karanta cewa sa'a tana cikin safa?"

Ya yi dariya ya ce, "Ba tsafi ba ne, Maman biyu. Alkawari ne tsakanin maza."

Na haƙura, don wasan nasu lokacin sanyi ake yi, daga Oktoba zuwa Maris, jakar kayan kuma a baranda take kwana. Washegarin ɗaukar kofi sai in tafasa ruwa, in zuba garin sabulu da 'yar kanwa, in zauna a kujera 'yar tsuguno ina wanki ina waƙa. Kada in yi ƙarya, har na fara son ranar.

A unguwar Hor Al Anz muke, fulat mai ɗaki uku. Sunan Alhaji ne a takardar haya, mutumin Kano, yana tura abaya da turare gida. Shi da Hajiya ɗaki biyu, mu ɗaya, kicin ɗaya, baranda ɗaya. 'Yan biyunmu suna gida wurin mahaifiyata saboda makaranta, don haka ni da Hajiya muke wuni. Ni ba mai fita ba ce. Coci, sai shagon ƙasan benenmu, sai in dawo. Duk abin da ke faruwa a Dubai a kicin ɗin nan nake jin sa, muna gyaran zogale ko tana koya mini alkaki. Shekara biyar ko kallon banza ba mu taɓa yi wa juna ba. Da Sallah kwanona ne farkon cika da nama, da Kirsimeti nata ne farkon cika da shinkafa.

A shekara ta huɗu suka kai wasan ƙarshe kamar kullum, sai wata ƙungiya da suka saba lallasawa ta doke su. Maigidana ya shigo bayan la'asar ko sallama babu, ya wuce baranda ya ajiye jaka, ya kwanta yana kallon silin. Da safe na ɗora ruwa a wuta. Ina fito da bokiti ya tare ƙofar baranda da jikinsa.

"Kada ki taɓa ta."

"An gama wasa ai."

"Ba a gama ba. Kyaftin ɗinmu ya ce ba mai wanki sai mun dawo da kofinmu. Duk mun haɗa hannu mun yi alkawari."

"Yaushe za ku dawo da shi?"

"Maris mai zuwa, in Allah ya yarda."

Na sauke tukunyar na yi shayi da ruwan.

Wanda bai taɓa yin watan Yuli a Dubai ba, ba zai gane abin da zan faɗa ba. Barandar tamu a nan injinan iyakwandishan suke huro iska mai zafi dare da rana, jakar kuma tana gabansu tana dahuwa. A Afrilu warinta na daddawar da ruwa ya shiga ne. A Mayu ya koma na ɓeran da ya mutu a bayan firji. Daga Yuni ban ƙara samun abin kwatanta shi ba. Wani abu ne mai nauyi da yake kama maƙogwaro, ya bi mutum har cikin cokali. Tattabarun da suka addabe mu da kashi a baranda suka daina sauka. Na ƙunshe jakar a leda uku, ledar ta kumbura kamar ciki, ta fashe. Hajiya ta kunna turaren wuta mafi tsada a kayan Alhaji, suka haɗu da warin suka haifi wani na uku da ya fi su muni. Rannan na shanya ɗankwalina na coci a barandar, na ɗaura, matar da ke kusa da ni a benci ta matsa gefe tana tari.

Maigidana ya gwada kai jakar wurin aikinsu a Al Warsan. Kwana ɗaya ta yi, abokan aikinsa suka ajiye masa ita a bakin titi. Ya ce to a shigo da ita ɗakinmu. Na ce ta shigo ta ƙofa ni in fita ta taga.

Shi kuwa hancinsa ya mutu, ba ya jin komai. Abin da ke cin sa daban ne. Ko wane cin abinci sai ya jera kofuna da gwangwanin gishiri a tire yana nuna mini inda aka yi kuskure. Mai jefa musu ƙwallo kafaɗarsa ta fara ciwo. Mutum biyu bizarsu ta ƙare sun koma ƙasarsu. Sauran ƙungiyoyi sun daina jin tsoronsu, wannan ya fi komai damun sa. Sai ya ajiye gishirin ya dube ni.

"Maman biyu, za mu dawo kuwa?"

Alhaji in ya ji sai ya leƙo. "Injiniya, ƙwallon da ake ɗauka a hannu a ruga a guje, ai mu a Kano sata muke ce mata. Ka dawo ƙwallon ƙafa ka huta."

Da wasa ake yi har Allah ya ba Hajiya ciki, bayan shekara tara da aure. Cikin ya zo mata da laulayi mai wuya. Ba ta taɓa ce mini komai game da jakar ba, sai dai na ga ta daina shiga kicin. Na karɓi girkinta. Wata rana da hantsi ta fito neman ruwan sanyi, wani ya bar ƙofar baranda a buɗe, na same ta durƙushe a bakin kicin tana kakarin amai, ba abin da ke fita sai hawaye. Ina riƙe da ita tana cewa, "Ba komai, 'yar'uwa, ba komai." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ranar Talata Alhaji ya kira maigidana falo bayan sun ci abincin rana. Ina kicin, kunnena yana falo.

"Injiniya, wallahi ina jin nauyinka. Amma ka ga halin da ake ciki. Zuwa Lahadi, ko a wanke jakar nan, ko a zubar da ita, ko kuma ku nemi wani wurin. Khalas, magana ta ƙare. Ka yafe ni."

Na jira in ji ya ce za a wanke. Sai na ji ya ce, "Na gode, Alhaji. Za mu nemi wuri."

Ya kuwa nema. Ya dawo da hoto a waya: wani lungu da aka yanka da katako a cikin falon mutane, ba taga, banɗaki ɗaya ga duk gidan. Nan zai kai ni, in bar Hajiya da cikinta, in bar kicin ɗina, saboda safa. Sau biyu yana wurin aiki na tafasa ruwa na tsaya a ƙofar baranda da bokiti. Sau biyu na juya. Na san mutumin da na aura. In na wanke a ɓoye zai yafe mini da baki, amma ba zai ƙara barin komai a hannuna ba.

Asabar ɗin ce ranar fara atisayen sabuwar shekara, da sassafe, kowa zai zo da kayansa yadda ya bar su a Maris. Na ce zan bi shi. Ya tsaya yana kallona, don shekara huɗu ban taɓa taka filin ba. Niyyata in durƙusa gaban kyaftin ɗin nan in roƙe shi ya kwance mijina daga alkawari, ko da hannu ne zan yi masa bayani. Mai tasi ya sa muka saka jakar a but ɗin mota, duk da haka gilashi a sauke muka je.

Na zauna a benci a gefen fili. Maza wajen talatin suka fara zuge jakunkuna, na kai gefen gyalena hanci na shirya. Shiru. Na sauke gyalen. Iska ta kaɗo daga wajensu, sai na ji ƙanshi, irin na ruwan da ake zuba wa injin wanki don kaya su yi laushi. Na ce ko hancina ne shi ma ya lalace. Sai ga wani dogo ya juya baya, ya jefar da rigarsa ƙasa, ya murza ta da takalmi a ciyawa, ya ɗauka ya sa.

Maigidana ya zuge tasa. Na kusa da shi suka yi tsalle baya suna toshe hanci, suna dariya, suna tafi. "Habibi! Habibi!" Wai masoyi suke ce masa da Larabci, shi kuma yana washe baki, ya ɗauka yabo ne. Kyaftin ya taho ya dafa kafaɗarsa daga nesa-nesa, sannan ya juyo ya gaishe ni. Hannun rigarsa da karin guga, a miƙe kamar na ɗan makaranta ranar Litinin.

Durƙuson da na zo yi ya fita daga raina. Na ce da Hausa, da ƙarfi, "Baban biyu, shinshina rigar kyaftin."

"Ki yi shiru mana, a cikin mutane muke."

"Shinshina na ce."

Ya dube ni, ya dubi rigar. Ya kamo gefenta da yatsa biyu ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Ya saki, ya wuce wurin na gaba, da na gabansa, yana bin su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen kifi a kasuwa, dariyar tana mutuwa a bayansa. Kyaftin ya bi shi yana ta Turanci yana buɗe hannuwa. Daga baya maigidana ya fassara mini: wai tun makon farko mai aikin gidan kyaftin ta wanke nasa kayan, wai ai maganar zafin rai ce aka yi a ranar, bai zaci wani zai riƙe ta da gaske ba. Mutum ɗaya ne kawai ya sunkuyar da kai, wani ɗan Sudan mai gadi, ya ce shi ya kai har Yuni kafin 'yan ɗakinsu su jefa tasa a bola.

Na zaci zai ɗauki jaka mu tafi. A'a. Ya tsaya a gabansu ya sa kayan nan ɗaya bayan ɗaya, safar ma sai da ya lanƙwasa ta kafin ta shiga don ta bushe kamar ƙanzo. Ya shiga layi ya duƙa daidai gaban kyaftin. Sau uku aka busa usur, sau uku kyaftin yana kwance rigingine yana kallon sama. Ban san dokar wasan ba, amma wannan ɓangaren na gane shi.

Da muka dawo gida ya wuce kicin kai tsaye. Shi ya ɗora tukunya, shi ya ɗauko bokiti. Na jawo kujerata na zauna a bakin ƙofa, ban sa masa hannu ba. Ruwan farko baƙi ƙirin ya fita, da wani kumfa mai ruwan toka a sama. Ruwa bakwai ya canja. Safar ta narke a hannunsa, sai bola. Soson cikin hular da ya ɓare, abin da na gani a ƙarƙashinsa ba zan rubuta shi ba, don wani yana iya karantawa yana cin abinci. Ya wanke daɓen baranda, ya wanke bango, ya goge har injinan.

Wajen la'asar Hajiya ta fito a hankali tana dafa bango. Ta tsaya a ƙofar kicin, ta ja numfashi kaɗan, ta ƙara ja da yawa. Ta ce, "'Yar'uwa, ɗanwake nake sha'awa." Na tashi da gudu na ɗora ruwa.

Lahadi ta zo ta wuce, Alhaji bai tada maganar ba. Sai dai ya miƙa wa maigidana wata 'yar kwalba ya ce, "Injiniya, ɗiga wannan a cikin hular, don Allah don Annabi."

Har yanzu yana zuwa fili duk Asabar, kuma duk Asabar da ya dawo yake wanke kayansa da hannunsa. Bana suna ci ana cin su, ba kamar da ba. Ya daina gaisawa da kyaftin da hannu biyu, amma bai daina jera mini kofuna a tire ba. Jiya ma ya ajiye gwangwanin gishiri ya ce, "Maman biyu, a ganinki za mu dawo da kofin nan?"

Na ce ni ban sani ba, mutanen da suka iya murza riga a ciyawa komai suna iya yi. Na ce ya tashi ya kwashe safarsa daga igiya, an aiko wa Hajiya kayan jariri daga Kano, wurin shanya muke nema.