Takardar Habasha Da Itacen Wanka

Kaka ce, an gama yankan riɗi, garinmu Abu Na'ama da ke ƙasar Sudan ya yi shiru don maza sun watse neman aiki. Shekarar ta yi mani tsawo, ni kaɗai a gida tun rasuwar malam mijina. Ana cikin haka saƙo ya zo cewa ɗiyata ta fari ta haihu a Matamma, cikin ƙasar Habasha, inda mijinta ke fataucin gahawa. Haihuwar fari ce, kuma babu mai yi mata wankan jego.

Mun tashi da asuba a lori zuwa Sinnar, daga nan jirgin ƙasa ya kai mu Gadarif. Matan da muka zauna tare da su duk Larabci suke yi, muka ci waina da wake irin nasu, kisra da ful, kowa ya koma tunaninsa. Daga Gadarif hanya ta lalace, ƙasa baƙa duk ta tsage, lori na tafe kamar jaki mai ciwon ƙafa.

A Gallabat, bakin iyaka, na samu mai canji ƙarƙashin rumfa. Na kwance lalitata na ba shi jinen Sudan da na tara daga tsinkar auduga.

Ya ce, "Ya Hajja, takarda ko ƙarfe?"

Na tuna an ce akwai 'yan fashi a hanya, ƙarfe kuwa ƙara yake yi a ƙugu. Na ce takarda. Ya ƙirgo mani bir, kuɗin Habasha, sababbi masu hoton sarkinsu, na ƙetare rafi da ƙafa.

Na tarar da ɗiyata kwance, ƙafafu sun kumbura, jariri na gefe. Mijin ya haura tudu da kaya, bai dawo ba. Itacen gidan ko tuwo ba zai dafa ba, balle tukunyar wanka safe da yamma.

Matan ƙauye ke kawo itace a bayansu. Na tsayar da ɗaya na miƙa mata bir. Ta juya ta, ta shinshina, ta mayar mani. Ta biyu ko karɓa ba ta yi ba, sai ta ciro sulen azurfa daga ƙirjinta ta nuna mani. Kuɗin ƙasarsu ne a hannuna, amma su azurfa kawai suka yarda da ita. Masu kanti suna karɓar takarda, sai dai canjinka su ba ka shi da sukari ko ashana.

Ɗiyata ta ce, "Inna, ki bari, ruwan ɗumi ma ya isa."

Na ce, "Ruwan ɗumi na alwala ne. Kwanta."

Sai na sayi gyaɗa a kanti da takardar, na soya ta da yashi kamar yadda muke yi a gida, na zauna bakin kasuwa. Ban san kalma ɗaya ta yarensu ba. Ina nuna ludayi, suna nuna yatsu. Har la'asar ba wanda ya kira ni da suna. Amma ƙananan kwabbai suka taru, wani mai alfadari ya haɗa mani su zuwa sule, na koma da dami biyu a kaina. Ran nan tukunya ta tafasa, na tsoma ganye na fyaɗa mata, ta yi ihu kamar yarinya. Haka muka yi har arba'in, kumburi ya saɓe.

Ranar da zan taho ta rako ni bakin rafi. Ban waiwaya ba, don kada ta ga idona.

Na iso gida da ragowar bir a lalita, a nan ma ba mai karɓa. Abin da na gane shi ne, kafin ka canza kuɗi ka tambayi abin da mai itace take karɓa, ba mai kanti ba.

Washegari da asuba na hura wuta na ɗora babbar tukunya. Sai da ta tafasa na tuna babu mai jego a gidan. Na sirka ruwan na kai wa tsohuwar maƙwabciyata ta yi wanka.