Torleif, ba mu da hotonka

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, Ingunn ta kira ni daga asibiti a Bergen, ta ce mahaifinta Torleif Hagevik ya cika da safe. Zuciya ce, bai yi doguwar jinya ba. Shekarunsa saba'in da tara.

Torleif, da kunya nake rubuta wannan.

Mu shida ne muke shiga jirgin ruwan da ke bin gaɓa zuwa arewa, duk shekara da bazara, idan rana ta fara ƙin faɗuwa a can arewacin ƙasar. Mu muna zaune da kofi da waina, kai kana bakin ƙofa da kyamara, kana jiran a sauke tsani. Jirgin ba ya daɗewa a ƙananan garuruwa, kuma ba ya jiran kowa. Sau nawa muka hango ka kana sheƙowa da gudu a kan katakon tasha, hula a hannu? Abokinmu Arnfinn yakan rantse wata rana sai mun bar ka a Vardø ka auri rumbun busasshen kifi. Kai kuwa ba ka barin bashin magana: "Matsa gefe, Arnfinn, tumbinka ya tare min rabin garin Ålesund."

Ba tsofaffin gidajen katako kaɗai kake ɗauka ba, har da mu, ba mu sani ba. Idan sanyi ya shigo sai ka wanke hotunan, ka bi mu gida-gida. Da mijina Oddvar ya rasu, ban roƙe ka ba, ka zo min da hotonsa yana ƙyaƙyata dariya a Kristiansund, iska ta hargitsa masa gashi. Shi muka jingina a kan akwatin gawarsa a coci. Haka ka yi wa ƙawarmu Gudrun da lokacinta ya zo.

Washegarin rasuwarka Ingunn ta nemi hoto ɗaya da za a sa a kan naka akwatin. Na aurenka tana da shi, amma saurayi ne a ciki. Ita tsohon da 'ya'yanta suka sani take so. Na ce mata wannan ai mai sauƙi ne.

Mu uku da muka rage muka zazzage akwatunan hotuna, muka bincike wayoyi. Ga jiragen kamun kifi, ga mu nan birjik, muna ci muna sha. Kai kuwa sai inuwarka a kan katako, sai gefen hannun rigarka a wani hoton da Arnfinn ya ɗauki faranti.

Da na faɗa wa Ingunn, sai ta ce, "Ba komai, Bodil. Dama Baba ba ya son a ɗauke shi, ko?"

Na ce mata haka ne. Gaskiya ban sani ba. Babu wanda ya taɓa cewa, kawo kyamarar, je ka tsaya can.

Hoton lasisin tuƙinka aka ƙara wa girma. Ya fito dishi-dishi, fuska a murtuke, kamar wanda aka kama da laifi. Ƙaramar jikarka ta tsaya gabansa tana tambayar uwarta ko wane ne. Na sunkuyar da kai har aka tashi.

Ingunn, ke da yaranki, Allah ya ba ku haƙuri, ku kuma yafe mana. Torleif, Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya haskaka makwancinka, ya dube ka da idon rahama yadda mu ba mu tsaya mun dube ka ba.