Barewar da Muka Hana Yin Mushe

Bayan na ajiye aikin direktan lakwal, wato shugaban makarantar boko, an gayyace ni in ga wani gandu da aka kewaye da waya a kan hanyar Matankari, inda ake kiwon barewa domin ta hayayyafa, tun da ta ƙare a dajin Arewa. Na tafi da aminina, tsohon maharbi, wanda ya rataye baka tun da gwiwa ta ƙi shi. A ƙofa mai gadi ya shaida mana cewa barewa huɗu suka rage: maza uku, mace guda, ita kuwa da tsohon ciki. Ya ce mu shiga, likitar dabbobi tana ciki.

Ba mu tarar da likitar ba. Macen muka tarar kwance a gindin aduwa, harshe waje, ido a kafe, ƙafar baya tana ɗan shurin ƙasa. Duk wanda ya tashi a gidan kiwo ya san wannan kwanciya. Aminina ya dube ni, ya ce saura ƙiris ta yi mushe. Ni na ce ya yanka. Ban nemi shawarar kowa ba, domin na saba in faɗa a yi.

Na durƙusa da babbar rigata, muka juya ta alƙibla, na danne ƙafafunta. Ya yi bisimilla, ya ja wuƙa. Jini ya yi tsartuwa har gemuna, da zafinsa, ta fizga fizgar da ta yar mini da hula. Dabbar da ke bakin mutuwa ba ta da wannan ƙarfi. Na gane haka tun hannuna yana kanta.

Sai ga likitar daga ɗakin magani, da zare da allura a faranti. Ashe allurar barci ta yi wa barewar, domin ta ɗinke mata raunin da waya ta ji mata a cinya. Ba ta zage mu ba. Ta bangaje ni da kafaɗa, ni da na haifi kamarta, ta fizge wuƙar daga hannun maharbin.

"Baba, riƙe ƙafar nan," ta ce mini. "Kada ka saki."

Ta farke cikin, ta cusa hannu har gwiwa, ta zaro ɗan, ta yage mahaifar da haƙori. Ta sa baki ta tsotse majinar hancinsa ta tofar, ta shiga murza haƙarƙarinsa da gefen zanenta. Aminina yana ta faɗa mata cewa alheri muka nufa. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Can ɗan ya yi atishawa. Ta ɗaga ƙafarsa ta baya, ta daɗe tana dubawa, sa'an nan ta sauke ta a hankali.

"Namiji ne," in ji ta. Ta rungume shi, ta miƙe. "Ku ɗauki namanku, Baba. Ai halal ne."