Tukunyar Innata a Garejin Baba

Ƙarar murfi ce ta fara komai. Da hantsi ne, ina bayan ɗaki ina shanya, sai na ji ƙwangaram! Murfin tukunya ya faɗi a ɗakin girkina, ya yi ta juyi a kan siminti kafin ya kwanta. Na ce akuyar maƙwabta ce ta sake shigowa. Na suri icce na rugo, sai na yi kiciɓis da surukina yana fitowa, rungume da babbar tukunyata kamar ya ɗauko jariri daga wanka.

Na saki iccen, na durƙusa.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, ƴar nan. Aro na yi. In na gama zan dawo da ita."

Ku da kuka san shi, kun san abin da "in na gama" ke nufi a bakinsa. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ko yanzu da yake ƙasa, don uban mijina ne. Amma daga Birni har Zango, in aka ce Sarkin Bwat kowa ya san wanda ake nufi. Bwat kuwa shi ne akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin mota, wanda ke canza mata gudu. Baba ba ya taɓa ƙaramar mota. Katkat kawai yake gyarawa, manyan nan masu ja da ƙafa huɗu, masu ratsa rairayi. Garejinsa kuma ƙofar gidanmu ce, wato duk abin da ya rasa a waje, cikin gida yake shigowa nema.

Tukunyar nan ba tukunya ce kawai ba, jama'a. Ta Innata ce. Ta zubi ce, mai kauri, kunnenta ɗaya ya ɗan lanƙwashe. A cikinta aka dafa abincin bikina, Inna ta wanke ta da hannunta ta sa mini a kaya, ba ta kuma daɗe ba bayan haka Allah ya karɓi abarsa. Ita kaɗai ce abin da nake taɓawa in ce hannun Inna ya taɓa nan.

Na leƙa ta zaure. Me zan gani? Ya ɗora ta a kan duwatsu, ya cika ta da man bwat, ya hura wuta, yana jefa wasu zobban ƙarfe a ciki kamar mai suyar ƙosai! Rulma ake ce musu, su ne sandar cikin bwat ke juyawa a kai. Yana yi yana yi wa direbobi wa'azi:

"Ƙarfe in ya ji ɗumi yakan saki jiki, ya shiga wurinsa da kansa. Masu tura shi da guduma kuwa, Allah zai tambaye su."

Ni wa zai tambaya mini? Suruka ba ta yi wa uban miji gardama. Ko ido ba na haɗawa da shi. Sai na kai kukana wurin Iya, uwar mijina, ina hawaye. Ta dube ni, ta tuntsire da dariya har da tafa hannu.

"Tukunya kawai? Ke kin ma yi sa'a! Kin ga sandar nan da yake dafa wa mota a ciki, ya manna kunnensa a ɗaya bakin yana lumshe ido? Muciyata ce. Abin da yake tace baƙin mai da shi yana neman garin ƙarfe? Rariyata ce, sabuwa fil ya ɗauke ta."

"Iya, ba ki ce komai ba?"

"Na ce mana. Na sato muciyar na tuƙa masa tuwo da ita ban wanke ba, don ya ji abin da nake ji. Ya cinye tas, ya ce yau kam hannuna ya faɗa daidai."

Da na ga ba mafita a nan, sai na tasa Baban Nana a gaba, wato maigidana. Mushe ne, wato malami, yana koyarwa a lekol, makarantar boko, yara na jin takunsa su yi tsit, amma a gaban ubansa ko tari sai ya nemi izini. Na ce masa yau ko tukunya ko ba tuwo. Ya gyara hula ya fita da ƙarfinsa.

Sai ya tarar wani direba, Ilu, ya kawo katkat daga Hamdara. Ƙorafinsa shi ne duk lokacin da ya tashi motar sai ta yi "gwaf" a ƙasa. Baba ya sa muciya, ya saurara, ya sa aka zagaya da shi, ya sake saurara, ya ce bwat ne. Baban Nana, da yake a garejin ya tashi, ya sunkuya ya girgiza doguwar sandar da ke kai ƙarfi ga ƙafafun baya, wadda ake ce wa kardan, ya ce a hankali:

"Baba, kamar kardan ne yake wasa."

"A lekol ɗin ake koya muku jin mota?"

"A'a, Baba."

"To riƙe mini wannan kile."

Haka mijina ya karɓi kile ɗin, wato abin kwance noti, ya wuni a ƙarƙashin mota da rigarsa ta zuwa aiki. Aka sauke bwat, aka warware shi kaf, aka jera haƙoransa a kan tabarmata, sauran aka jiƙa a tukunyar Innata. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya ɗaga wa rana, ya shinshina. Ba ko tabo. Ilu kuwa ya tare a zaurenmu, ni ke ciyar da shi safe da yamma, a ƙananan tukwane! Da aka mayar da komai aka tashi mota, sai ta ce "gwaf". Kardan ɗin ne. Kafin la'asar aka canza masa ɗan ƙarfen mahaɗa, magana ta ƙare. Kuna tsammanin Baba ya sunkuyar da kai? Ya dafa kafaɗar Ilu ya ce:

"Ka gode wa Allah. Yanzu ka tabbata bwat ɗinka lafiyarsa ƙalau. Wa ya taɓa ba ka wannan tabbacin?"

Da maigida ya shigo na ce, "Tukunyar fa?" Ya ce, "Ai ban ga fuska ba." Fuska!

Abin da har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci shi ne tafiyar Guna. Rasuwa aka yi a dangin Iya, muka cika tsohuwar katkat ɗin Baba, mata zalla sai shi. Kun san yadda yake da karabo, ɗan guntun sandan nan da ake ja don ƙafafun gaba su ma su kama. Akwai direban da ya taho da shi a ɗaure a kan gudron, wato kwalta, tun daga Mirriya, haƙoran ƙaramin bwat suka ci juna. Baba ya gyara motar amma ya daina amsa gaisuwar mutumin har damina ta wuce. To muna barin hanya muka shiga wani kwari, mota ta nutse a rairayi. Iya ta ce:

"Malam, ka ja abin nan naka mu wuce."

"Karabo na ranar wahala ne."

"Yau ranar me ce?"

"Yau ranar turi ce. Ku sauko."

Wallahi haka muka sauko, da lulluɓinmu, rana a tsakar ka, ni ga ciki ya tsufa. Ni dai ya ce in tsaya gefe in riƙe takalma, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. Sauran suka yi ta turi, rairayi na watsa musu a fuska. Da muka fita, ƙanwar Iya, Gwaggo Falmata, ta dafe ƙugu tana haki ta ce:

"Yaya, bayana ya tsinke! Kai ba ka da tausayi ne?"

"Ina da shi mana. Ku in kun kwana biyu kuna warkewa da kanku. Haƙorin bwat in ya karye, kin taɓa ganin ya tsiro?"

A gidan makoki aka yi ta yi mana sannu fiye da masu rasuwar.

Da na haihu, suna ya matso, na ce wannan karon kam sai tukunyata. Dabarar da ta rage mini ita ce Nana, babbar ƴata, wadda a lokacin ba ta shiga lekol ba. Jika ce, ita ke da bakin da ba ni da shi. Shi yana ce mata amaryarsa, ita tana ce masa tsoho mai baƙin hannu. Na koya mata abin da za ta ce, na laɓe a zaure.

"Kai tsoho, Mama ta ce ka ba ta tukunyarta."

"Amarya, ba gaisuwa? To na sake ki."

"Ni ma ba na son ka. Ka ba mu tukunyarmu, za a yi shinkafar suna."

"Tana da baƙi a ciki. Ki ce wa uwarki in na gama."

"Kai ba ka gamawa!"

Direbobi suka kwashe da dariya, shi ma har da share ƙwalla. Can da yamma sai ga mutum biyu sun shigo da wani abu niƙi-niƙi sun dire a tsakar gida. Rabin kwanson bwat ne, an goge shi yana ƙyalli, an toshe ramukansa da icce. Saƙon Baba: wai in dafa a ciki, ya fi tukunyar kauri, kuma ba ya kamu. Inna lillahi! A gaban dangina da suka zo daga Birni! Ƙarshe dai tukunyar aro na yi suna da ita, kwanson kuma kaji suka samu wurin shan ruwa.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Yara suka ƙaru, Iya ta riga shi gidan gaskiya, tukunyar Inna tana can tana baƙi. Kullum na wuce zaure sai na kalle ta ta gefen mayafi.

Ciwonsa bai yi tsawo ba. Ni na yi jinyarsa, don ya ce kunun kowa ruwa ne sai nawa. Wata safiya ina ba shi a cokali, ya ɗaga hannu ya ce:

"Ƴar nan, tukunyar nan taki."

Na ce a raina, yau dai.

"Na'am, Baba."

"Akwai rulman mutumin Tanut a ciki. Kada kowa ya zubar." Ya huta, ya ƙara da cewa, "Mahaifiyarki ta san kaya. Duk wutar da na ba ta, ba ta taɓa tsagewa ba. Allah ya jiƙanta."

Kun ji iyakar ban-haƙurin da na samu. Na ce amin, na fita bayan ɗaki na yi kukana, ban san ko na haushi ne ko na mene ne ba.

Bayan an share makoki, ƙannen mijina suka kira masu sayen tsohon ƙarfe don a kwashe gareji. Ina tankaɗe na ji ana ta watsa ƙarafa a amalanke. Na leƙa, sai ga tukunyar Inna a rataye a ƙugiyar sikeli, wani ƙato yana duba nauyinta, rulman mutane kuma an kife su a ƙasa cikin turɓaya. Ban san lokacin da na tsallake zaure ba, ni da tun da aka kawo ni gidan ban taɓa taka garejin nan ba.

"Sauke ta!"

Ƙanen mijina, Sani, ya ce, "Haba Yaya, wannan baƙin abin? Zan sayo miki sabuwa a kasuwar Dole."

"Sabuwar ta san uwata ne? Ta san ubanka? Sauke ta, na ce! Ku kuma tsince ƙarafan nan ku wanke, amanar mutumin Tanut ce, da bakinsa ya ce kada a zubar. Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba!"

Ƙaton ya sauke ta. Baban Nana da kansa ya durƙusa yana tsince rulma. Ni kuma na rungumi abata na shige gida, gaban rigata duk baƙin mai.

Na zauna bakin rijiya da toka da yashi da lemun tsami, na yi ta dirza. Na tafasa ruwa a ciki na zubar, na sake. Baƙin ya fara fita, amma warin man bwat ya shige cikin ƙarfen. Na san ba za ta sake ganin shinkafa ba har abada. Ina dirza ina mita, ina ce masa duk abin da ban ce ba yana da rai, sai na ji mitar ta koma wani abu daban. Allah ka jiƙan Baba. Ka yafe masa kamar yadda na yafe masa, har da turin Guna. Bai taɓa sallamar mota da ciwo a ɓoye ba, ya Allah ka sallame shi da rahamarka, ka sanyaya makwancinsa, ka haɗa shi da Iya da Innata a Aljanna, su yi masa faɗan da ni ban iya ba.

Nana ta dawo daga lekol ta same ni a haka. Ta ajiye jakarta, ta tsuguna, ta sa fuskarta cikin tukunyar ta daɗe ba ta ɗago ba. Na miƙa hannu zan ƙara toka, sai ta riƙe mini wuyan hannu.

"Mama, ya isa haka. Kada ki wanke duka. Ki bar mini warin tsohona."